Wa Ya Tuƙa Bas Ɗin Farko?

Malamar tarihi ta gaji da ganin 'yan aji biyar suna gyangyaɗi a kan littafi, sai ta ba su aiki: kowa ya nemi tsoho a gidansu, ya tambaye shi yadda unguwar take a da, ya ɗauko muryarsa a waya.

Ranar Litinin aka saurara. Wadda ta fi armashi ita ce hirar wata yarinya da kakanta, inda ya ba da labarin yadda ya tuƙo bas na farko da ya taɓa shigowa unguwar, mutane na gudu, awaki na tsallake katanga. Malama ta ba ta tara bisa goma, ta ɗauka an gama.

Washegari tana cikin rubutu a allo, mai gadi ya leƙo ya ce tana da baƙo. Kakan ne, da sandarsa.

"Malama, gyara na kawo. Na ce wa jikata bas ɗin kore ne. Da na koma na yi tunani, shuɗi ne."

Ta yi godiya, ta raka shi har ƙofa.

Ranar Laraba ya dawo da wani gyaran, amma ya tarar wani tsoho ya riga shi, wanda ya ji zancen a shagon aski, yana ta huci.

"'Yata, ƙarya ya shara muku. Ni na tuƙa bas ɗin nan!"

Kan malama ya fara sarawa. Har ta buɗe baki za ta sallame su, sai ta lura ba wanda ke gyangyaɗi a ajin. Ta sa aka kawo kujeru biyu, ta ce wa ɗalibai su yi tambaya.

"Baba, bas ɗin giya nawa gare shi?"

"Huɗu."

"Shida!"

"Wane ɓangare sitiyarin yake?"

Ɗaya ya nuna dama, ɗaya ya nuna hagu, sannan suka kalli juna suka yi musanya.

Ana cikin haka kakar yarinyar ta shigo neman mijinta, don ya fito bai sha maganinsa ba. Malama ta yi mata bayanin gardamar. Tsohuwa ta yi dariya har tana share hawaye da bakin mayafi.

"Su biyun nan? Direba wani dogo ne mai gashin baki, ya daɗe da rasuwa. Kullum bas ɗin sai ya mutu a hawan gada, su ne masu tura shi. Ta taga nake kallonsu."

Kakan ya gyara murya.

"To, in ba a tura ba, zai shigo unguwar ne?"

"Faɗa musu dai!" in ji ɗayan. "Kuma ni ne a ɓangaren da ya fi nauyi."

Aka buga ƙararrawar tashi, ba wanda ya motsa. Yara sun riga sun kewaye tsohuwar da wayoyinsu, malama kuwa ta tashi ta bar mata kujerarta.