Hancin Baba

Tun daga bakin ƙofar gida warin fetur ya tare ni. Ban tsaya sallama ba, na zarce gareji. Na tarar da Baba a kan bencinsa dab da motar, risho a gabansa, butar shayi a kai, yana lalubar ashana a aljihu. Na fizge kwalin kafin ya buɗe shi.

"Auta, lafiyarki? Gaisuwar ke nan?"

"Ina kwana, Baba. Motarka tana zubar da mai."

"Gwaggo? Ba halinta ba ne."

Gwaggo ita ce jif ɗin Baba, kuma ta girme ni. Ita ya tuƙa a kamfanin haƙa rijiyoyi har ya yi ritaya, da suka sa ta a gwanjo ya saye ta. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, amma babu motar da ke hawa hanyar lambunsa sai ita, don hanyar duk duwatsu ce da zaizayar ruwa. Tun rasuwar Mama, Baba bai da wurin zuwa da ya wuce lambun nan.

Yaya, babban wanmu, ya daɗe yana so ya raba su. Ya gyara wa Baba ɗaki a saman benensa, da labule da talabijin, ya kuma faɗa a gabanmu cewa ranar da Gwaggo ta sake yin tari zai karɓi makulli, Baba ya tattaro ya koma wurinsa. Baba ya ce "to", irin "to" ɗin da ake yi wa mai talla.

Ni ma ba ziyara ce ta kawo ni ba. Jiya Baba ya ɗauko 'yata daga makaranta, ta dawo da ciwon kai, rigarta tana warin fetur kamar a gidan mai ta wuni.

Na buɗe ƙofofin garejin duka, na cire kan batir, muka tura motar waje. Baba yana turawa yana mita, wai 'ya'yan yanzu daga sun ji wari sai su kira 'yan kwana-kwana. Da motar ta matsa, sai ga shacin mai a siminti, faɗinsa ya kai faranti. Baba ya tsaya a kansa ya dube shi.

"Tsohon tabo ne," ya ce.

Na sa yatsa, ya fito a jiƙe. Na ɗauko kwali na shimfiɗa a ƙarƙashin motar, na ɗaure ɗankwalina tamau na shige. Gwiwoyin Baba sun daina yarda da irin wannan aikin. Ni kuwa a ƙarƙashin motar nan na tashi, don Yaya tun yana ƙarami ba ya son abin da zai ɓata masa riga.

Na bi bututun mai da tocila daga tanki zuwa gaba. Bututun ƙarfe ne siriri, an maƙale shi a jikin shasi. A wajen wani maƙali, kusa da salansa, wato bututun hayaƙi, tsatsa ta ci shi, mai yana taruwa yana ɗiga ɗis, ɗis. Da injin ya yi zafi, wajen nan ba a iya taɓa shi da hannu.

"Me kika gani?"

"Tsatsa ta huda shi, Baba. Gefen salansa."

Baba ya yi gyaran murya. Sannan ya koma muryar da ya saba ba da umarni da ita.

"Kada ki naɗa masa roba, mai cinye ta yake yi. Yanke ruɓaɓɓen za ki yi ki sa tiyo. Akwai na mai a akwatin kore, mai zare a ciki. Ba na ruwa ba fa."

"Na sani."

"Kin sani, amma sai na faɗa."

Ya miƙo mini abin yankan bututu, da tasa, da tsumma. Ina yankewa mai ya kwararo ta hannuna har gwiwar hannu, sanyinsa ya ratsa ni, idona ya kawo ruwa. Na toshe ɓangaren tanki da babban yatsa, na cusa tiyon da ɗaya hannun, yana gardama ina gardama har ya shiga. Na goge bakin ɗaya ɓangaren na haɗa. Na ɗaure da kilif na ƙarfe, biyu-biyu a kowane baki, haka Baba ya koya mini, wai ɗaya na aiki ne, ɗaya na barci mai daɗi.

Baba yana da wata al'ada da duk wanda ya yi aiki da shi ya sani. Ba ya yarda da ido a kan mai. In an gama haɗi, sai ya shafa yatsa a wurin ya kai hanci. Yakan ce ido yana ƙarya, hanci ba ya yi. An ce da can yana wucewa ta gefen mota zai faɗa wa mai ita inda take yoyo, kuma ya fi alfahari da wannan fiye da duk takardun yabon kamfani.

Na fito na mayar da batir, ya tayar da injin. Gwaggo ta yi tari, ta kama. Ya sauko, ya dafa taya, ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu ya shafa haɗin. Ya kai yatsan hanci, ya ja numfashi.

"Ƙalau. Ya tsaya."

Ina tsugune kusa da shi, hannun rigata sharkaf da fetur, kusan a bakin hancinsa. Yatsan nasa ma yana ƙyalli. Na leƙa, na ga ɗigo yana taruwa a bakin kilif na baya, ban ƙarasa ɗaure shi ba. Na ce ya kashe injin, na koma ciki da sukurudireba na ƙara murɗawa. Yana kallon ƙafafuna, ya san abin da nake yi.

Da na fito yana zaune a ƙasa, ya jingina da taya.

"Da kika shigo, warin yana da yawa?"

"Tun daga bakin ƙofa, Baba."

"Yarinyar nan ta faɗa mini jiya. Ta ce Kaka, motarka tana wari. Na ce mata ba ta san mota ba." Ya goge yatsan a wando. "Tun zazzaɓin bara hancina ya daina jin wari. Na ɗauka zai dawo."

Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don 'yata ce a kujerar baya. Na tashi na kunna injin, na bar shi yana aiki. Baba ya sake zura hannu ya shafa haɗin. Ya ɗaga yatsan zuwa rabin hanya, ya tsaya, sannan ya miƙo mini.

"Shinshina mini."

Na goge fuskata, na matsa nesa da rigata yadda zan iya, na shinshina. Tsatsa ce kawai da warin sabuwar roba.

"Ya tsaya, Baba."

Wayata ta yi ƙara a kan benci. Yaya ne. Na gaya masa tun da safe cewa zan leƙo, kuma Yaya ba ya mantuwa. Muka dubi wayar har ta gaji ta yi shiru.

"Zai sake kira," na ce.

"Na san ɗana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma ni zan gaya masa da bakina, ba ke ba."

Na ɗaga shi ya miƙe. Ya kashe injin, ya zare makullin, ya tsaya yana ɓamɓare shi daga zoben da ke haɗe da makullan gida. Faratansa sun yi kauri, abin ya ɗauki lokaci, ban taya shi ba. Ya sa mini a tafin hannu.

"Je ki wanke hannu ki canza riga, akwai ta uwarki a ɗaki. Ban ba itatuwa ruwa ba tun shekaranjiya."

Da na dawo ya riga ya zagaya ɗaya gefen motar, wajen kujerar fasinja. Ya daɗe yana kokawa da ƙofar, don bai taɓa buɗe ta daga waje ba. Ya zauna, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗora su a gwiwa. Muna isa gangaren farko a hanyar lambu na ga ƙafarsa ta dama tana taka ƙasan motar, inda babu birki.

"A hankali," ya ce. "Ba ta son a yi mata gaggawa a nan."