Kalma Biyu a Kan Ambulan

Duk wanda ya san Ambrose Tregear a Sydney ya san abu biyu ne bai yarda a taɓa masa ba, gemunsa da jirgin Panama. Shi ne babban magatakardan wakilan da gwamnatin yankinsu ta zaunar tare da na maƙwabta, don a daidaita zancen jiragen da ke kai wasiƙa Ingila. Kowace gwamnati ta san ita kaɗai ba ta iya ɗaukar nauyin jirgin ruwa mai tururi, sai an haɗa hannu. To amma wane jirgi? Mutanen Melbourne sun kafe a kan mai bi ta Suez, don su yake fara sauke wa jaka in ya dawo. Na Sydney da na New Zealand kuwa suka ce sai sabon jirgin da ke yin gabas zuwa Panama, don shi su yake fara iskowa. Kwana tara ana zama, ana shan shayi, ana tashi baram-baram.

Abin dariyar, magatakardan wakilan Melbourne ƙanin matarsa ne, Elias Penhallow, kuma a gidansa ya sauka. Da rana su yi ta harara a zauren taro, da yamma su ci naman tunkiya a tebur ɗaya, matar tasa Keziah tana raba su.

Ana cikin haka, tsakiyar watan Mayu, jirgin Suez ya shigo da wasiƙa daga Cornwall, mahaifarsa can Ingila. Ambrose yana ganin rubutun ya nemi kujera ya zauna. Yayansa ne, Jabez. Shekara ashirin da biyu ke nan tun ranar da Ambrose zai baro gida, ya miƙa masa hannu a bakin ruwa, Jabez ya sa nasa a aljihu ya ce, "In ka hau jirgin nan ba ni da ƙane." Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Wasiƙar ba ta da tsawo. "Ƙanena, likita ya ce da wuya in ga girbin bana. Maganar da na faɗa maka a bakin ruwa ta hana ni sakat. Ni na yi laifi. In ka yafe, rubuto mini ko layi ɗaya ne."

Ai kuwa Ambrose ya yafe tun kafin ya kai ƙarshen takardar. Wannan kam babu mai ɗora masa laifi. Da safen nan ya cika shafi huɗu, hawaye na ɗiga cikin gemun nan da yake ji da shi. Ya naɗe, ya sa a ambulan, ya rubuta adireshi. Saura kusurwar sama, inda ake rubuta hanyar da wasiƙa za ta bi, don ma'aikatan gidan waya abin da ka rubuta shi suke bi, ko da za ta kwana goma a cikin jaka tana jira.

Elias yana shafa wa burodi man shanu ya ce, "Mijin Yaya, jirginmu zai juya ran ashirin da huɗu. Naku sai ɗaya ga wata, in ma ya ga dama. Rubuta Suez mana, ba zan gaya wa kowa ba."

"Ɗan Melbourne, ci burodinka."

"Wallahi ba tsokana nake ba." Sai kuma ya kasa riƙe bakinsa, ya ƙara da cewa, "Ko da yake zan so in ga fuskar wakilanku ranar da suka ji Tregear da kansa ya roƙi arziki a jirginmu."

Da ya sani da bai faɗa ba. Jiya-jiyan nan Ambrose ya miƙe gaban mutum goma sha huɗu ya karanta musu lissafin kwanaki, ya ce jirgin Panama ko ya tashi a baya yana iya kamo na Suez. Ya dangwala alƙalami a tawada.

Keziah ta dafa hannunsa. "Maigida, wannan ba takardar taro ba ce. Mutum ne kwance yana jira."

"Ke dai ba ki san lissafin teku ba. Kwana nawa ne bambancin? Girbi sai Agusta."

"Haba, ciwo ya san Agusta?"

Ya janye hannunsa. Ya rubuta "Ta Panama" da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, yana kallon Elias.

Ran ashirin da huɗu yana tsaye a tagar ofis jirgin Suez ya fita, hayaƙinsa baƙi ƙirin. Ya ji kamar ya ruga gidan waya ya ce a ba shi takardarsa. Sai ya tuna masu rarraba wasiƙun duk sun san hannunsa, kafin la'asar labari ya zaga gari. Ya koma ya zauna. Taron ma washegari ya watse ba a sa hannu a komai ba, Elias ya tattara kayansa ya koma Melbourne.

Amsa ta iso a watan Oktoba, kuma a jirgin Suez ta zo. Ba rubutun Jabez ba ne, na matarsa ne, Loveday, wadda Ambrose ya sani tun tana yarinya mai gyaran kifi. Da ya farke ambulan sai wani ambulan ya faɗo a cinyarsa. Nasa ne, ba a ko buɗe shi ba. Ga hatiman gidajen waya nan birjik, ga kalmomin nan biyu da layinsu biyu.

Ya riga ya karanta a jarida cewa guguwa ta tsai da jirgin nasu na ɗaya ga Yuni a hanya, ya isa Panama kwana ɗaya bayan jirgin ɗaya gefen, mai ƙarasawa da wasiƙun Ingila, ya tashi, jakunkuna suka yi sati biyu suna jiran na gaba. A lokacin cewa ya yi ai wannan ikon Allah ne, ba laifin hanya ba.

Loveday ta rubuta: "Yayanka ya ƙirga kwanaki da kansa. Ya ce in ka amsa nan take, amsar za ta zo a jakar tsakiyar Yuli. Ranar da aka ce wasiƙun Ostareliya sun iso ya sa na aske shi, na canza masa riga, na tafi gidan waya. Na dawo hannu wofi. Ya dube ni ya ce, 'Ki bar shi, Loveday, da gaskiyarsa.' Bai sake aikena ba. Ya cika ran biyu ga Agusta. Takardarka ta zo bayan kwana goma sha ɗaya. Ban buɗe ba, don ba ni aka rubuta wa ba, kuma ina tsoron abin da ke ciki."

Ambrose ya karanta sau biyu, ya miƙa wa Keziah. Ya so ta yi masa gori, ko ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dai zauna kusa da shi tana kuka. Abin da ya fi ci masa rai ba mutuwar ba ce, kowa zai mutu. Jabez ya tafi yana ganin ƙanensa ya karanta roƙonsa ya yi shiru. Kuma ba teku ce ta yi wannan ba, ba likita ba, ba Elias ba. Shi ne, don kada a yi masa dariya a teburin shayi.

Da aka sake kiran taro a shekara ta gaba, a Melbourne wannan karon, wakilai suka yi mamakin Tregear. Mutumin da ke buga tebur ya koma sai rubutu. Abu ɗaya ya roƙa a saka, cewa duk wasiƙar da ba a rubuta mata hanya ba a jefa ta a jirgin da ya fara tashi, ko na wace gwamnati ne. Wani dattijo daga Adelaide ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne." Ambrose ya ce, "Ƙarami ne, ranka ya daɗe." Elias, da ya san komai, ya sunkuyar da kai yana gyara alƙalamin da babu abin da ya same shi.

Ita kuwa Loveday, tun a satin da takardarta ta zo ya mayar mata da ambulan ɗin nan yadda yake, cikin sabo. Ya roƙe ta ta buɗe, ta je bakin kabarin ta karanta da ƙarfi, duk da ya san babu mai ji. Da kansa ya kai gidan waya. Ma'aikacin da ke kan kanta, tsohon saninsa ne, ya juya takardar ya yi murmushi.

"Yallaɓai Tregear, yau ka manta kusurwa. Ta Panama, ko?"

"Duk wanda ya fara tashi," in ji Ambrose. Ya ɗauki hularsa, ya ɗan tsaya. "Ko da yake yanzu babu mai sauri."