Da Sauƙi, In Ji Hajiya

Hajiya Hasiya ta kasa tashi daga kan tabarmar.

Tana kwance rub da ciki a falon gidanta da ke Nassarawa GRA, tafukanta a ƙasa, goshinta sharkaf da gumi. Raudatu, matashiyar da ke zuwa koya mata motsa jikin da ake kira yoga, ta zube a gefenta da sauri.

"Hajiya, ya bayan?"

"Da sauƙi," in ji Hajiya, haƙoranta a cije.

Tun bara da ciwon baya ya kama ta, a kan kujera take sallah. Abin nan yana ci mata rai. Matar da ta saba doguwar sujada, yau sai dai ta sunkuyar da kai cikin iska. Likitanta ya ce ba sai an yi aiki ba, motsa jiki a hankali zai iya dawo da ƙarfin bayan, shi ne ya haɗa ta da Raudatu. Hajiya kuwa ta ƙudura abu ɗaya a ranta: kafin azumi ya kama, sai goshinta ya taɓa ƙasa.

Tun ranar farko Raudatu ta yi mata bayani. A fara ɗumama jiki. A kwanta, a miƙe kamar ana jan mutum ta ka, a ɗan tsuke ciki, sannan a ɗaga ƙirji. Daga ƙirji ake lanƙwasawa, ba daga ƙugu ba, kuma ba a wurga kai baya. Duk lokacin da aka ɗaga sai ta tambaya, amsar kuma ba ta taɓa canzawa ba. Ganin haka ta riƙa ƙara mata, daga dogara da gwiwar hannu zuwa dogara da tafi. Yau Hajiya ta miƙe hannayen gaba ɗaya ta banƙare, sai wani abu ya tsarga mata daga ƙugu har cinya.

Raudatu ta ƙwala wa Najla, autar Hajiya, kira. Tare suka mirgina ta gefe, suka lanƙwasa mata gwiwoyi, suka sa filo a tsakani.

"Ai na san za a rina," in ji Najla. "Malama, kwanakin nan bango Umma take dafawa in za ta shiga ɗaki."

"Bango? Amma kullum ce min take yi da sauƙi!"

"Ranar da aka kwantar da ita a asibiti ma, tana numfashi da ƙyar, abin da ta ce wa masu dubiya ke nan."

Raudatu ta dubi Hajiya. Ta maimaita tambayarta a zuci. Ya bayan. Ya jiki. Ashe duk tsawon lokacin nan gaisuwar dubiya take yi wa matar, gaisuwar da kowa ya san amsarta ɗaya ce.

"To me kuke so in ce?" Hajiya ta faɗa, idonta a rufe. "Mutum ya ce miki ya jiki, ki ce da tsanani? Butulci ke nan ga Ubangiji."

"Ba gaishe ki nake yi ba, Hajiya, ni ce ban iya tambaya ba." Raudatu ta kama hannunta. "Ba sai kin yi ƙorafi ba. Nuna min wurin kawai."

Hannun ya tafi a hankali, ya tsaya a ƙasan ƙugu ta hagu.

"Yana sauka ƙafa?"

Hajiya ta kau da fuska.

"Umma, don Allah."

"Yana sauka."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da muka bar gwiwar hannu. Na ɗauka zafin ne alamar yana aiki. Na ce in daure, lokaci na tafiya."

"A wannan aikin ba a daurewa. Zafi mai soka, ko numfashi ya sarƙe, tsayawa ake yi nan take." Ta juya. "Najla, ce wa Malam Garba direba ya fito da mota. Sai likita ya gan ta yau."

Najla ta fita da gudu. Hajiya ta buɗe ido, ta riƙe wuyan hannun Raudatu gam.

"'Yar nan, faɗa min gaskiya. Azumin bana fa?"

Raudatu ta so ta ce in sha Allahu kawai ta bar shi a nan. Amma sai ta girgiza kai.

"Ba na zato, Hajiya. In likita ya yarda mu ci gaba, daga farko za mu koma. Ƙirjinki ba zai wuce faɗin tafi daga ƙasa ba, sai bayan ya amince."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon Hajiya ya shige cikin ɗankwali. Aka ji ƙarar mota a ƙofar falo.

"To, Allah Ya nuna mana na baɗi," ta ce. "Ku ɗaga ni. Ta dama za ku kama, hagun ba ya so."