Gwangwanayen Maniru

Safinatu ta tsoma yatsa cikin gwangwanin, ta zare shi da sauri kamar ta taɓa garwashi. Ƙasar a jiƙe take sharkaf. Yau ma an zo.

Ta bi sauran gwangwanayen madarar da ke jere a bayan ɗakinta, gindin katanga. Duk an shayar da su, alhali ita ta daɗe da daina zuba musu ko ɗigo. Kuma duk da ruwan, mutuwa suke yi. Ganyen ya yi rawaya ya kwanta, gindin ya yi baƙi. Biyu kaɗai suka rage da sauran kore a jikinsu.

Mijinta Maniru ne ya zo da tsiron daga Jos, inda yake kai albasa a babbar mota. A cikin jiƙaƙƙen buhu ya naɗo su. Sitirobari, in ji shi, wasu jajayen 'ya'ya masu ƙamshi da manyan otal ke saye da tsada. Da hannunsa ya huda gindin kowane gwangwani da ƙusa, ya haɗa ƙasa da yashi da taki, yana yi yana dariya, duk da mahaifinsa Malam Na'Allah na faɗa daga zaure cewa rijiyar Bodinga ba ta wasan Turawa ba ce. Bayan zaɓe da 'yan makonni motar ta kife a hanyar Funtuwa. Can aka binne shi. Safinatu ba ta ga gawa ba, hularsa kawai aka kawo mata.

Tun tsakiyar takabarta abin ya fara. Kullum da asuba sai ta ji takun sawu a bayan ɗaki, a hankali, sannan ƙarar ruwa na zuba. Ba ta taɓa leƙawa ba. Da farko takan ƙanƙame 'yar wuƙar da masu takaba ke riƙewa. Daga baya sai ta ajiye wuƙar. Ta koma matsowa jikin taga, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Sannu da zuwa, maigida." Sawun yakan tsaya cak, sannan ya wuce.

"Matar Yaya! Kina nan kina gaida tumatirin gayu?"

Asabe ce, ƙanwar Maniru, riƙe da guntun sabulu a tafin hannu kamar zinariya.

"Kin ga abin da ni samo miki na wankan hita takaba. Sai da ni bi layi tun sahe, soja na tsaye da bulala. In kinka ƙarar da shi, wallahi ni da ke ne."

Safinatu ba ta yi dariya ba. "Asabe, taɓa ƙasar nan."

Asabe ta taɓa, ta goge yatsa a zane. "To, ruwa ne. Mi a ciki?"

"Ba ni ka zubawa ba."

Asabe ta dube ta, ta dubi katanga, murmushin ya bar fuskarta. "A'uzu billahi. Bari wagga magana. Wanda yat tahi ya tahi."

"To wa ka zuwa? Kuma in shi ne, don mi suke mutuwa a hannunai? Ko hushi yake da ni?"

 Asabe ta ja hannunta zuwa makewayi don wankan.

Kafin azahar an yi wanka, an raba sadakar waina, mata sun yi addu'a sun watse. Yayanta Mode ya iso daga Dandin Mahe da akori-kurar aro, yana ƙorafin man fetur, yana ba da labarin yadda garin Shagari ya yi tsit tun da soja suka karɓi mulki, ba jiniya, ba manyan motoci. Aka fara fitar da kaya: gado, kwalla, tabarmi.

"Yi maza, Safinatu," in ji shi daga ƙofa. "Mai motar na jira kahin la'asar."

"Saura gwangwanaina."

"Gwangwani? Mu da ko gero bai yi ba bana, za ki kai muna ciyawa mai shan ruwa?"

Ba ta saurare shi ba. Ta zagaya bayan ɗaki, Asabe na biye. Wannan ne kaɗai abin da Maniru ya bari mai rai, tunda Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ta ƙudurta ba za ta bar shi ya ƙarasa mutuwa a nan ba. Ta sunkuya ta ɗaga ɗaya daga cikin masu koren. Nauyinsa ya ba ta mamaki. Wani wari na ruɓa ya bugi hancinta. Ta karkata shi, ta leƙa ƙarƙashi.

Babu huji ko ɗaya. An like su duka da yumɓu, an shafe sumul.

Ta ɗaga na biyu. Haka. Ta ɗaga matattun. Haka.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Maniru da ya huda su da kansa ba zai toshe su ba.

Aka yi gyaran murya daga bayan zanan da ya raba wurin da garken awaki. Safinatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya baya. Tun da aka kawo ta gidan, ita da surukinta ba su taɓa haɗa ido ba, balle doguwar magana.

"Asabe," in ji Malam Na'Allah daga bayan zanan, "ce mata ta bi su a hankali, kada likin ya ɓalle."

Asabe ta buɗe baki. "Baba, kai ne?"

"Ni ne mi?"

"Mai ba su ruwa."

Tsohon ya ce, "To wa zai ba su? Ita tana takaba. Ni iske gwangwanan duk a huje, ruwa na tsiyaya ƙasa a banza, ga rijiya ta kai ga laka. Shekara nawa ina noman albasa, ban taɓa barin bakin kwamin shuka a buɗe ba. Sai ni like su." Ya ƙara da cewa, "Rabin ruwan alwalata nike ba su. Amma sun ƙi. Kayan yaron nan ne, sun biyo halinai."

Bai taɓa kiran sunan Maniru ba, don ɗan fari ne.

Safinatu ta ji ƙirjinta ya yi fayau, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Ashe ba kowa ke zuwa ba. Sai kuma ta tuna abin da take faɗa a taga, kunya ta lulluɓe ta har tafin ƙafa.

Kamar ya sani, tsohon ya ce, "Ce mata kuma, gaisuwar asuba ina ji. Na san ba tawa ba ce, shi ya sa ban amsa ba."

Asabe ta sa gefen zane ta toshe baki. Daga waje Mode ya danna ham.

Safinatu ta dubi matattun gwangwanayen. Kalma ɗaya za ta faɗa tsohon ya gane abin da hannunsa ya yi: ruwan da ya hana wa fita ne ya ruɓar da saiwar. Ta daɗe tana juya ta a baki.

"Asabe," ta ce a hankali, "ce wa Baba an gode, Allah shi saka. Ce mai, zahi ne ya kashe waɗancan, ba su son ƙasarmu. Amma marigayi ya bar wasiyya a kan hujin. Ya ce ko ana tsananin fari, a bar su a buɗe, kuma sai ƙasa ta bushe a ƙara ruwa."



"Haka ya ce?" Wannan karon bai bi ta kan Asabe ba.

"Haka ya ce, Baba."

Zanan ya motsa. Malam Na'Allah ya fito, kansa a sunkuye, ya tsuguna nesa da ita. Ya tsinci wani tsinke, ya ɗaga gwangwanin, ya soke yumɓun. Baƙin ruwa ya fara ɗiga. Da sauri ya jawo wata tsohuwar ƙwarya ya tara a ƙarƙashi.

Mode ya leƙo, gumi na zuba. "Wai ina gwangwanan? A miƙo in ɗora."

Safinatu ta miƙe ta kaɗe zanenta. Ta dubi bayan tsohon, yadda ya duƙufa yana sokewa ɗaya bayan ɗaya, har da matattun.

"Bar su, Yaya," ta ce. "Suna da mai su."

Ta shiga gaban motar, ba ta waiwaya ba. Sai da suka wuce Sifawa ta tambayi Mode ko ɗakin da aka gyara mata yana da taga ta baya.

"Babu," in ji shi. "Kina so a huda?"

Ta daɗe tana kallon busassun gonaki kafin ta ce a'a.