Jar Motar da Ke Ja Hagu

Tun da Sumie Kuramochi ta fara tuƙa jar motar mijinta, motar take ja hagu. Ba sosai ba, amma da zarar ta sassauta hannu a kan sitiyari sai ta nufi bakin titi. Shekara talatin da huɗu marigayi Tatsuro ya yi yana tuƙa ta, ƙirar 1969 mai kujera biyu, ko sau ɗaya bai taɓa kuka da ita ba.

'Yarta Nanae ta gani da idonta a hanyar dutsen Haruna, kuma ba ta ɓoye ba. "Mama, ko dai a gyara ta kafin ƙarshen wata, ko in karɓe makullin. Akwai mai saye a Tokyo."

Sumie kuwa ba ta yarda da bakanike ba, ko wane ne. Tatsuro ya sha ba ta labarin yadda ake kwance wa tsohuwar mota kayan asali a sa mata na jabu, mai ita yana ɗakin jira yana shan shayi yana ta godiya. Don haka kafin ta fita, ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta ɗiɗɗiga jan farce a kan duk notin da hannunta ya kai.

Garejin farko da ta je a Takasaki sai ƙyalli yake yi. Ma'aikacin ya rusuna, ya daddanna kwamfuta, ya ce wai babu irin wannan mota a ciki, amma a bar musu ita kwana biyu. Ta tambaya ko za ta tsaya ta ga aikin. A'a, dokar wurin ta hana. Sai ya shafa murfin gaba ya ce, "Kuramochi-san, ba ki taɓa tunanin sayar da ita ba?" Ta yi masa godiya, ta ja motarta. Ai tun daga shafawar nan ta gano inda ya dosa.

Na biyun maƙwabcinta ne ya kwatanta mata, wata rumfar kwano a bayan shagon taliya. Mai wurin, wani tsoho Oguri, ba shi da kwamfuta, sai zare da ma'auni da ramin duba ƙasan mota. Bai ko rusuna da kyau ba. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙasa, ya ɗago yana murmushi.

"Wa ya yi wa notinan kwalliya?"

"Ni ce. Kuma na ƙirga su."

"Madalla. Kilo nawa ne ke?"

Sumie ta ji ranta ya ɓaci. Ji mata tsohon banza! Ta zo saitin taya, shi yana tambayar jikinta.

"Ina ruwan taya da kilona, Oguri-san?"

"Mota ce marar nauyi. Sai da mai ita a ciki nake aunawa. Shiga ki zauna."

Ashe dabarar ke nan, in ji ta a ranta. A zaunar da ita a sama inda ba ta ganin komai, shi yana ƙasa yana abin da ya ga dama. Ta shiga, amma ta sauke gilashi, ta karkata madubin gefe ƙasa, ta kasa kunne. In dai ta ji ƙarar sifana, to za a yi ta.

Ba ta ji ba. Zare kawai ya ɗaura daga gaba zuwa baya ta kowane gefe, yana aunawa yana rubutu a bayan wata ambulan. Ya daɗe yana kallon rubutun yana sosa kai. Ta san wannan sosa kan sarai, daga shi sai a ce abu kaza ya mutu, sabo kuma sai an aiko daga waje.

Maimakon haka sai ya shiga ciki ya fito da ƙananan buhunan yashi.

"Riƙe wannan a cinyarki."

"Don me?"

"Riƙe dai. Ba zai cije ki ba."

Ya ɗora ɗaya, ya auna. Ya ƙara na biyu a wajen ƙafarta, ya auna. Na uku, na huɗu. Sumie tana zaune an danne ta da yashi kamar murfin tukunyar da aka ɗora wa dutse, tana shirya maganar da za ta yaɓa wa maƙwabcin nan. Sai Oguri ya fito daga ramin yana goge hannu, murmushin ya tafi.

"Babu abin da ya lalace a motar nan. Yanzu komai ya zauna daidai. Wanda ya saita ta gwani ne, sai dai ba don ke ya saita ba. Maigidan naki zai kai kilo tamanin da takwas?"

"Da tara," ta ce. "Kafin ya kwanta ciwo."

"To shi ne. Nauyinsa take nema a wannan gefen." Ya dafa ƙofar direba. "Ko dai ki riƙa yawo da yashi kilo arba'in, ko in kwance saitinsa in yi naki. Ke za ki zaɓa."

Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, ba ta taɓa komai nasa ba. Kujerar ma matashi ta sa a bayanta don kada ta matsar da ita daga inda ya bar ta. Yanzu ga ta zaune da nauyinsa a cinyarta, kewarsa ta taso mata. Amma ta san Nanae ba za ta bar mata makulli a kan buhun yashi ba.

Oguri ya miƙo hannu zai ɗauki buhun farko.

"Bar su tukuna," ta ce.

Ya koma gefe yana naɗe zaren da ba ya buƙatar naɗi. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta daɗe a haka.

"To, ɗauke. Saita ta da ni."

Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Da ya cire na ƙarshe, ta ji motar ta ɗan ɗaga ta gefenta.