Fiton Mutuwar Nicanor

Duk watan Janairu motocin bas sukan hau dutsen nan da ke tsakiyar tsibirin La Gomera, cike da fararen fata na ƙasashen arewa waɗanda sanyin ƙasarsu ya koro. Da safe su shanya jiki a bakin teku har su yi ja kamar ɗanyen nama. Da hantsi a nuna musu rijiya da tsohuwar hasumiya, a ce tarihi ne. Da rana kuma a kawo su gidan abincin Yeray a ce ga al'ada, wato miyar ganye da gasasshen garin hatsi da suke kira gofio da tsoho Eulogio.

Aikin Eulogio fito ne. Da fito ya girma yana magana da makiyaya daga wannan dutse zuwa wancan, a zamanin da kai saƙo da ƙafa kan cinye wuni guda. Yanzu ga abin da ya rage: a karɓi tabarau na wata baƙuwa a ɓoye, shi ya cusa yatsa a baki ya faɗa wa yarinya mai kawo abinci inda yake, ita ta ɗauko, a yi tafi. Da wannan yake cin abinci, don kuɗin fanshonsa ba sa isa ko sayen magani. Yeray, ɗan ƙanwar marigayiyar matarsa, ya riga ya gargaɗe shi.

"Kawu, ka sake ɓata min wasa da wannan fuskar taka, shi ke nan. Yarinyar nan ma ta koyi fito a makaranta."

"Ta koya, na ji ta," in ji Eulogio. "Kamar butar shayi."

Ran nan Eulogio ya ɓoye tabaran wata Bajamushiya, ya ɗaga yatsa ke nan, sai wani fito ya tsallako kwazazzabo ya shigo ta baranda. Siriri ne, yana rawa. Ya gane bakin: Casimira ce, matar Nicanor, wanda suka yi kiwon awaki tare suna yara, suka kuma daina gaisawa a kan iyakar gona. Ta kira sunansa, sannan ta ce Nicanor ya rasu, gobe za a rufe shi.

A ƙauyensu, wanda ya ji fiton mutuwa sai ya cire hula ya amsa, ya juya ya miƙa wa dutsen da ke gaba. Ba a barin labari ya faɗi ƙasa. Da matar Eulogio ta rasu babu wanda ya yi mata. Ta waya aka watsa, da hoton kyandir a jiki, wasu ma sai bayan cin abinci suka duba.

Ya cire hula.

"Kawu, tabarau," Yeray ya raɗa masa yana yi wa baƙi murmushi. "Na ji, Nicanor ne, amma akwai waya. Ni zan tura."

"Da hoton kyandir?"

"Mutumin da ko gaisawa ba kwa yi! Ka taka barandar nan, kada ka dawo gobe."

Eulogio ya ratsa tsakanin teburori, ya ture kujerar wani mai gajeren wando, ya fita. Ya amsa wa Casimira cewa ya ji. Sannan ya juya wajen dutsen yamma, ya kare baki da tafin hannu, ya saki fiton da ya daɗe bai yi irinsa ba, har jijiyar wuyansa ta tashi. Nicanor ya rasu. Gobe za a rufe shi.

Shiru. Gidajen can yawanci baƙi ake ba wa haya yanzu. Ya sake. Ya sake kuma, ƙirjinsa na zafi.

Can ƙasa, wajen gonakin ayaba, wani ya amsa. Tsoho ne, daga ji haƙoransa sun zube, amma ya amsa, kuma Eulogio ya ji shi yana miƙawa gaba, wajen teku.

Sai tafi ya ɓarke a bayansa. Baƙi duk sun fito, wayoyi a sama, wata har da share hawaye ba ta san na mene ne ba. Yeray ya dube su, ya dubi kawunsa, fuskarsa ta sake.

"Kawu, ka manta da abin da na faɗa. Ka ga yadda suka ji daɗi? Gobe ma haka za mu yi, daga baranda."

"Gobe ma? To wa za ka kashe mana?"

Ya mayar da hularsa, ya kwance jar ɗamarar da Yeray ke sa shi ɗaurawa don ya yi kama da mutanen zamanin da, ya ajiye ta a kan kwanon miyar wani.

"Gobe ina wajen rufe maƙiyina. Jibi ma kada ka neme ni."

"Kawu, me za ka ci?"

"Gofio. Shi na ci kafin a haife ka."

"To tabaran matar nan fa? Kai ka ɓoye shi!"

Eulogio ya riga ya kama ƙaramar hanyar da ke gangarawa cikin kwazazzabo zuwa gidan Casimira. Bai waiwayo ba.

"Ka tura mata ta waya," in ji shi.