Yaya Ba Ya Cewa Ya Isa

Likita ne ya ce wa Yaya jininsa ya hau, ya nemi abin da zai riƙa motsa jiki. Yaya mai gyaran firij ne, yini yake yana kinkimar firij ɗin mutane, amma bai yi musu da likita ba, don shi ba ya musu da kowa. Wurin motsa jiki mafi kusa da shagonsa ajin judo ne, wato kokawar Japanawa, a saman shagon masu facin taya, sai ya hau ya ba da sunansa. Da yamma matarsa ta kira ni.

"Don Allah ka bi shi. Ka san halin yayanka. Sai su ɓalle masa ƙafa ya dawo mini da ita a leda ya ce ba komai."

Ba ƙari ta yi ba. Yaya ya taɓa yini da ƙusa a tafin ƙafa, da aka tambaye shi dalilin ɗingishi ya ce takalmi ne ya ɗan matse shi. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ya koma gidan Yaya, can hawa na uku a benen da ba lif, Yaya ne ke goyo shi ya sauko duk ranar asibiti, ya kuma goya shi ya mayar. Ni aikina in naɗe keken guragun Baba in biyo su a baya. In na ce ya kawo in karɓa, sai ya ce, "Bar shi, ba komai." Ni kuwa mutum ne mai jin maganar na gaba.

Na bi shi ajin. Aka ba mu fararen kaya masu kauri kamar buhu, da farar ɗamara. Malam mai koyar da mu gajeren mutum ne mai murɗaɗɗun kunnuwa, ba ya ɗaga murya. A layin sababbin shiga mu kaɗai ne masu gemu. Aka fara koya mana faɗuwa, Yaya ya iya, ya riƙa faɗuwa cikin ladabi. Daga nan aka zo kan riƙo.

"Ga dokar wurin nan," in ji Malam. "In an murɗe maka hannu ko an shaƙe ka, ka ji zafi, ka bubbuga sau biyu. A katifa, ko a jikin wanda ya riƙe ka. In hannuwanka duka a riƙe suke, ka buga ƙafa. Wanda aka bubbuga wa kuma ya saki nan take, ba tambaya."

Ni a ranar na ƙware a wannan doka. Abokin karawa yana miƙo hannu nake bubbugawa. Akwai wanda ya zo gaishe ni kawai, na bubbuga masa kafaɗa. Malam ya ce tunda yake koyarwa bai taɓa samun ɗalibi mai hazaƙa a wannan fanni kamata ba.

Yaya kuwa ko sau ɗaya. Wani ƙaton direban tanka ya shaƙe shi har idanunsa suka yi jajir, direban ne ya tsorata ya saki.

"Ba ka ji zafi ba ne?" Malam ya tambaya.

"Ba komai, Malam."

"Ban tambaye ka ko da komai ba. Ka ji zafi?"

Yaya ya ɗan yi tunani. "Bawan Allah yana koyo ne. Ban so in katse shi ba."

Sannu a hankali kowa ya daina yarda ya kama da shi, don ba mai son ya zo motsa jiki ya koma gida da alhakin rai. Sai Malam ya haɗa shi da ni, wai ko zai ji nauyin ƙaninsa. Na kwantar da shi, na ɗora hannunsa a cinyata yadda aka nuna, na fara ja a hankali.

"Yaya, ka bubbuga."

"Ci gaba, kana yi daidai."

"Yaya, don girman Allah."

"Ɗaga ƙugunka kaɗan, haka Malam ya ce."

Na ɗaga. Gwiwar hannunsa ta ce ƙas. Na saki na ja da baya, kuma ban taɓa jin haushin Yaya irin na ranar ba. Shi kuwa ya tashi zaune yana gyara ɗamara da hannu ɗaya, ya ce da ni, "Ka fara iyawa."

Malam ya tsugunna gabansa. Wannan karon ma bai ɗaga murya ba.

"Maigida, kana ganin jarumta kake yi. Dubi fuskar ƙaninka. Da hannun nan ya karye, kai wata biyu ka warke, shi kuwa da abin zai tsufa. Wanda ba ya bubbugawa mugun abokin karawa ne, don ya bar wa ɗan'uwansa aikin duba. In ba za ka iya ba, ka ajiye mini kayana."

Ya zaunar da shi a gefe, ya ce ya yi ta bubbuga katifa har a tashi. Yaya ya zauna ya yi ta yi, da hannu, da ƙafa, tsakaninsa da Allah. In dai ba abin da ke masa ciwo, ba wanda ya kai shi iyawa.

Washegari ranar asibiti ce. Na iske hannun ya kumbura, matarsa tana bin sa da man zafi yana kaucewa. Na ce yau dai ya bar mini Baba. Ya ce ba komai, ya durƙusa bakin gado, muka ɗora masa Baba a baya. Na naɗe keke na biyo su.

Mun sauko hawa ɗaya, sai ya tsaya a kwanar bene. Hannuwansa biyu suna baya, sun tallabe Baba. Gumi yana bin wuyansa. Bai juyo ba. Sai ya ɗaga ƙafar dama ya buga siminti sau biyu.

Da wani ne ya gani sai ya ce ƙasa yake kakkaɓewa daga takalmi. Na jingine keken a bango. Ban yi tambaya ba, tunda doka ta hana. Na juya masa baya na durƙusa, ya zame mini Baba a hankali, Baba ya saƙalo wuyana da hannunsa mai lafiya.

Da na miƙe sai da na ga duhu. Na nemi inda zan bubbuga, na ga babu wanda zan bubbuga wa sai mai kumburarren hannu, sai na ci gaba da sauka.

"Yaya," na ce, da ƙyar numfashi ke fita, "tun yaushe Baba ya yi nauyi haka?"

Yana bayana, ya ɗauki keken da hannu ɗaya.

"Tun ranar farko," ya ce.